Tankin da Aka Ɗora a Kan Rijiyar Gwaggo Asabe

Samarin da ke zama a teburin mai shayi na bakin layin dogo, nan Agege, sun ɗauka aikina hutu ne. Kullum na zo wucewa da safe sai wani ya ɗaga murya: "Yaya Habu, abeg, a samo mana irin naku mana. A sa riga mai tambarin kamfani, a raba shinkafa, a yi murmushi a hoto, a koma gida." Sai in yi dariya in wuce, don ban iya mayar da magana a tsaye ba. Na ga gara in rubuta, wanda yake son sana'ar ya karanta kafin ya sake tare ni.

Sana'ar tamu ba ta da takamaiman suna. A unguwa 'yan kamfani ake ce mana, alhali babu kamfanin da ya san sunayenmu. Ga yadda abin yake. Babban kamfani, banki ne ko masu sabulu ko masu layin waya, yakan ware wani abu daga ribarsa don yi wa jama'a aikin alheri: rijiyar burtsatse, rufin makaranta, gwajin ido, gidan sauro. Amma ba ya yi da hannunsa. Sai ya ba wani ƙaramin ofis kwangila, ofishin kuma ya nemo irina, wanda ya san lunguna, ya san wa ake gaisarwa kafin wa. Ofishin da na yi wa aiki na Madam Folake ne, a saman wani shagon taya. Ita ke tsallaka gada ta karɓo aiki a manyan benaye, mu ke shiga taɓo.

Kayan aikin ba su da yawa. Takalmin da ba ya tsoron kwata. Waya mai ɗaukar hoto sosai, domin aikin da ba a ɗauka ba kamar ba a yi shi ba ne. Tef na awo. Rumfa, kujerun roba, da ƙyalle mai sunan kamfani, wanda dole ka iya ɗaure shi yadda kan mutum ba zai tare rubutun ba. Sai harshe: Hausa ga dattawa, Yarbanci ga masu gida, Turancin titi ga matasa, Turancin ofis ga wayar Madam. Na ƙarshe kuma goro. Wanda ya shiga wannan aiki babu goro a aljihu, zai sha zama a kan benci.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Audu, haifaffen Legas, jikan tsohon soja, mutumin da idan ya juya harshe zuwa Yarbanci sai ka rantse bai taɓa jin Hausa ba. Furofesa yake kirana, saboda littafin da ba ya rabuwa da jakata. Aikina na farko da shi rabon gidan sauro ne ga 'yan dako a kasuwar Ketu. Muka kafa rumfa tun da hantsi, na ɗaure ƙyalle, na jera kaya, babu wanda ya matso. Mutane na wucewa da buhuna a ka, ko kallonmu ba sa yi. Baba Audu yana zaune yana ɓare goro.

"Baba, ko ba a sanar da su ba ne?"

"An sanar da su, Furofesa. Shugabansu ne ba a gaisar ba. Duba littafinka, ko akwai shi a ciki."

Ya tashi, na bi shi bayan wata tirela, inda wani dattijo ke zaune a kan buhun albasa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi hanya, aka ajiye goro. Kafin mu dawo rumfa layi ya miƙe har titi. Da muka koma bayan wani lokaci don ɗaukar hoton masu amfani da kayan, sai muka tarar yawancin gidajen sauron an lulluɓe kwandunan tumatir da su. Mutumin da ke kwana a kan kaya a fili ba shi da inda zai ɗaura igiya, kuma babu wanda ya tambaye shi kafin a sayo. Na tsaya ina tunanin abin da zan faɗa wa Madam. Baba Audu ya ce, "Kamfani ya bayar, hoto ya fita, tumatir ya huta da ƙuda. Wa ya yi asara? Nemo mini mutum ɗaya ya kwanta a ciki mu ɗauka."

Abu ɗaya ya daɗe yana ba ni mamaki game da shi. Baba Audu ba ya bin gajeriyar hanya. Wurin da za a ratsa lungu biyu a isa, sai ya fita babban titi, ya zaga ta bayan kasuwa, ni ina biye ina haki. Na ɗauka tafiyar ce yake so. Ban tambaya ba.

Yanzu ina karatun jami'a daga gida, kuma a cikin darussanmu akwai babi guda a kan dalilan da ke sa kamfanoni ba da irin wannan aiki ga wasu. Na karanta shi da kyau, kuma ban ga ƙarya a ciki ba. Mai yin sabulu sabulu ya iya, bai san zurfin da ruwa yake a ƙasar Agege ba. Ɗaukar ma'aikata na dindindin saboda aikin da ake yi jefi-jefi asara ce a wurinsa. Ƙaramin ofis ya fi sanin mutane, ya fi saurin shiga, kuma a ƙarshen shekara zai kawo rahoto mai hotuna da za a nuna wa masu hannun jari. Na ga gaskiyar wannan da idona: na taɓa ganin manajan kamfani yana zagaye a mota mai sanyi yana neman lungun da aka rubuta sunansa a jikin bango. Sai dai akwai dalilin da babin bai kawo ba. A gidan Gwaggo Asabe na koye shi.

Aikin rijiyar burtsatse ne, daga wani kamfanin sabulu da man shafawa. An ce a nemo layin da jama'a ke da yawa, famfon gwamnati kuma ba ya kawo ruwa. Irin wannan layi ba ya wuyar samu. Abin da ke wuya shi ne fili. A unguwarmu gida ya manne da gida, shago ya cinye baranda, inda za ka kafa ƙafafun tanki babu. Na auna, na sake aunawa, wuri ɗaya ne ya isa: ƙofar gidan Gwaggo Asabe, inda rijiyarta take.

Gwaggo Asabe ƙawar mahaifiyata Ladi ce, mai koko da ƙosai. Rijiyar kuwa mijinta, marigayi Malam Ɗanladi, ya haƙa ta da kuɗin goron da ya yi fatauci, ya ce sadaka ce, kada a taɓa sa mata murfi mai kwaɗo. Bahaushe ya ja, Bayarabe ya ja, mai wankin motocin haya na danfo ya ja. Ruwanta ba na sha ba ne sai an tafasa, kuma idan rani ya yi nisa takan ja baya, amma ba ta taɓa ƙafewa ba. Da ita Gwaggo ke jiƙa gero da wanke wake.

Da na aika wa Madam hotunan wurin, ta aika wa kamfani, amsa ta dawo da sharaɗi. Ba za a kafa tankinsu kusa da buɗaɗɗiyar rijiya ba. Idan yaro ya faɗa, sunansu ne zai fito a jarida. Sai dai a cike ta, a zuba kankare, a ɗora tankin a kai, a haƙa burtsatsen a gefe.

Na je na sami Gwaggo tana kwashe ƙosai daga mai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani yadda na iya. Ba ta ɗago ba sai da ta kwashe na ƙarshe.

"Ɗan Ladi, rijiyar Malam kake cewa a binne?"

"Gwaggo, wadda za a yi ta fi ta zurfi. Ruwa fari tas, a famfo. Kin huta da jan guga."

"Ni na ce maka na gaji da guga? Je ka kira masu abin su zo su faɗa da bakinsu, a gaban liman."

Ga abin da samarin teburin shayi ba su sani ba. A wurinmu, magana irin wannan ba ta ƙulluwa da sa hannu. Ana zama ne bayan la'asar, da liman da mai unguwa, a raba goro, a tambayi wanda ya tsaya wa maganar, sannan a shafa fatiha. Da zarar an shafa, maganar ta hau wuyan wanda ya ce shi ne, har ranar da za a binne shi. Mutanen kamfani sun ɗauka addu'ar ado ce ta buɗe taro, kamar yanka ƙyalle.

Na roƙi Madam ta sa wakilin kamfanin, wani Mista Okon, ya zo zaman. Ta kira shi a gabana. Mutum ne mai fara'a, har ta waya ana jin murmushinsa. Ya ce ai don irin wannan suka ɗauke mu, shi sai ranar buɗewa. Na ce to ita Madam ta zo. Ta ce, "Abu, ni Hausa nake ji? Kai ne ɗan gida. Je ka gama mana."

Baba Audu a lokacin ƙafa ta fara hana shi fita, sai na je gidansa. Ya saurare ni har na gama.

"Dokar aikin nan guda ce, Furofesa. Kada ka bari a shafa fatiha sai mai kuɗin yana zaune a wurin."

"Ya ce ba zai zo ba, Baba."

"Ba sa zuwa. Ban taɓa ganin wanda ya zo ba."

"To yaya ake yi?"

"Ana karya dokar, in ana son aikin ya yiwu. Kana tsammani don motsa jini nake zagaya ta bayan kasuwa?"

Aka zauna a ƙofar gidan Gwaggo, a kan benci, ita tana daga cikin ƙofa. Mai unguwa ya yi bayani, na ƙara nawa. Gwaggo ba ta tambayi girman tanki ba, ba ta tambayi yawan famfo ba. Liman ta fuskanta.

"Allah ya gafarta malam, tambayata ɗaya ce. Duk wanda ya ja ruwan nan, lada na isa ga mai gidan nan a kabarinsa. Idan aka binne ta, ladan wa zai zama? Na masu sabulu?"

Liman ya ce ƙasar ta Malam Ɗanladi ce, niyyar tasa ce, muddin mutane na shan ruwa daga wannan wuri, in sha Allahu rabonsa ba zai yanke ba. Sannan ya juyo ya ce, "Wa ya tsaya wa maganar, cewa ruwan zai ci gaba?" Kowa ya kalle ni, don babu wani ɗan kamfani a wurin sai ni. Na ce ni ne. Aka ɗaga hannu.

Aikin kansa ya yi kyau, kada wani ya ce an yi ha'inci. Masu haƙa suka sami ruwa mai daɗi. Aka cike rijiyar da ɓaraguzan gini da yashi, aka shimfiɗa rodi, aka zuba kankare mai kauri, aka kafa ƙafafun ƙarfe, aka ɗora tanki. Aka zura injin da ke tura ruwa daga ƙasa, wanda muke kira sumo. A jikin ginin famfunan aka manna allon dutse mai sunan kamfani. Ranar buɗewa Mista Okon ya zo, aka sa masa babbar riga da hula, ya murɗa famfo, ya sha da tafin hannunsa, mata suka yi guɗa. Ya riƙe hannun Gwaggo yana ce mata mama, aka ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai, ni na ɗauke shi. Ita kuma ta naɗe igiyar gugarta ta rataye a ƙafar tankin.

Ruwa ya gudana damina biyu. Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da mai ya yi tsada, kaya suka tashi, kamfanoni suka fara tsuke aljihu. A wannan shekara wutar lantarki ta dawo da ƙarfi wata rana da rana tsaka ta ƙone sumo. Mutanen layin suka haɗa abin da suka iya, aka ciro shi aka kai wa mai gyara, ya yi ɗan aiki ya sake mutuwa. Mai gyaran ya ce sai sabo, kuma bututun ciki ma ya tsage. Abin ya fi ƙarfin layin da yawancin mutanensa 'yan okada ne, wato acaɓa, da masu tireda, a shekarar da kowa ke neman na abinci.

A nan na ga yadda aka gina sana'ar. Na je wurin Madam, ta ce kwangilarmu ta haƙawa ce da miƙawa, gyara ba ya ciki, kuma kamfanin ya riga ya koma wani ofishin. Na kira Mista Okon, aka ce an mayar da shi sashen talla. Na hau danfo na tsallaka gada har hedikwatarsu, da rigata mai tambarinsu. Mai gadi, wani Bahaushe ɗan Obalende, ya tausaya mini ya bar ni na isa teburin karɓar baƙi. Yarinyar da ke wurin ta yi waya sama, ta saurara, ta ajiye, ta ce mini cikin ladabi kamfani ba ya hulɗa da unguwanni kai tsaye, in tuntuɓi abokan aikinsu. Na ce ni ne abokin aikin nasu. Ta ce to in tuntuɓi ofishina.

Da zan fita mai gadin ya ce, "Ɗan'uwa, kai ne na nawa a watan nan. Duk da irin rigar nan suke zuwa."

Wannan shi ne dalilin da babu a littafi. Kamfani yana son a gan shi ranar guɗa, ba ya son a san ƙofarsa ranar da famfo ya bushe. Idan ya yi aikin da kansa, mutane za su san wanda za su riƙe. Idan ya ba wani, wani ya ba wani, sai alherin ya hau sama da sunansa, alhakin ya gangaro ƙasa ya tsaya a kan wanda ke sallah a masallacin unguwar. Ba ƙwarewarmu kaɗai ake saya ba. Fuskar da za a iya tarewa a hanya ake haya, kuma idan kwangila ta ƙare fuskar tana nan, ba ta da inda za ta.

Mun gwada buɗe tsohuwar rijiyar. Na kawo mai haƙa rijiya ya duba. Ya buga kankaren da guduma, ya kalli tankin da ke sama, ya ce sai an sauke tanki, an yanke ƙarfe, an fasa rodi, kuma ko an yi duka, ɓaraguzan da aka zuba sun riga sun toshe idon ruwan. Ya ce wanda ya yi aikin nan ya iya aiki.

Gwaggo ta koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa masu tura kura. Koko kuwa ruwa yake ci: jiƙo, wanki, tata, damu. Ta rage yawan geron, sannan ta bar koko ta riƙe ƙosai, sannan ƙosan ma ya koma na Juma'a kawai. Ofishin Madam ya rufe kafin shekarar ta fita. Ni na koma ɗaukar aiki ɗai-ɗai a wasu ofisoshin, duk wanda ke buƙatar ɗan unguwa.

Bara sai ga dama ta zo. Wani sabon ofis ya kira ni, wani banki zai yi burtsatse mai aiki da hasken rana, ana neman layin da ba shi da ruwa. Ban kai su ko'ina ba sai ƙofar Gwaggo. Na nuna musu ramin yana nan, tanki yana nan, famfuna suna nan, inji da bututu kawai ake nema, kuɗin da ya rage ma ya isa a yi wa wani layin. Matar da ta jagorance su ta zaga wurin, tana gyaɗa kai, har ta iso gaban allon dutsen. Ta karanta, ta ajiye wayarta.

"Malam Habu, an riga an taimaki wannan layin."

"Hajiya, famfon a bushe yake. Murɗa ki gani."

"Na gani. Amma banki ba zai gyara aikin wani kamfani ba. Ranar buɗewa sunan wa za a ɗauka? Sabo suke so, nasu na kansu."

Na ce a cire allon. Ta ce ba ta da ikon taɓa kayan wani kamfani, kuma ko an cire, aikin gyara ba ya cikin abin da aka ba ta. Ba muguwa ba ce. Ita ma aiko ta aka yi. Suka tafi wani layin can gaba, ni na raka su, ni na kai goron.

Da na dawo na tarar da Gwaggo zaune a inuwar tankin, inuwar ita ce kawai amfaninsa yanzu. Gugar tana rataye inda ta bar ta, robar ta tsattsage saboda rana. Na durƙusa na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta taɓa yi mini faɗa a kan maganar nan ba.

"Ɗan Ladi, ni ruwa ina saye, Allah bai hana ni ba. Ba shi nake tambaya ba." Ta dafa kankaren da tafin hannunta. "Malam fa? Tun da famfon nan ya tsaya, me ke isa gare shi?"

Na miƙe na yi mata sallama, tun ranar ban sake bi ta lungun ba.

Daga ɗakina zuwa tashar mota, ta ƙofar Gwaggo Asabe ce hanya, lungu ɗaya ne a miƙe. Ku da kuke ganina kowace safiya ina wucewa ta bakin layin dogo, ku duba ku gani, ba hanyata ba ce. Wanda har yanzu yake son rigar, ya same ni gobe a wurin mai shayi. Zan ba shi tef da goro, in nuna masa yadda ake ɗaure ƙyalle. Amma ya fara zagaya unguwar nan da ƙafa, ya kalli lungunan da kyau, ya zaɓi waɗanda zai iya haƙura da su.